Gansakuka a Garin da Babu Teku

Litinin, 6 ga Afrilu 1992, ƙarfe biyar na yamma

Ɗaki ɗaya suka ba mu, ni da shi.

Gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas ta dire a Abuja, mu ma aka ce cibiyar bincikenmu ta biyo sahu, alhali ginin da aka ce namu ne ko rufi bai samu ba. Sai aka aro mana wani ɗaki a bayan wata ma'aikata a Garki, taga ɗaya, famfo ɗaya, firij ɗaya. Darakta Jacob ya tsaya a bakin ƙofa yana washe baki kamar wanda ya raba gado lafiya, ya ce, "Ai ku biyu ba baƙon juna ba ne, za ku yi manage." Allah ne ya riƙe mini harshe.

Shi ɗin da nake faɗa Dokta Silas ne. A takardar coci har yanzu mijina ne, uban 'yata Joy. Tun Disamba ba mu sake kwana a gida ɗaya ba. Abin da ya faru a Legas ba zan rubuta shi a nan ba, a bar kaza cikin gashinta. Ni ina Nyanya wurin ƙanwata Rosemary. Shi ban san inda yake kwana ba, ban kuma tambaya ba.

Talata, 7 ga Afrilu, bayan cin abincin yamma

Rosemary tana yi mini kitso ta ce, "Yaya Magdalene, wai me ya haɗa aikinki da nasa da ba za a raba ku ba?" Sai na yi mata bayani irin na 'yan kasuwa.

Na ce akwai wani abu da ke fitowa a kan duwatsun bakin teku, kamar jiƙaƙƙen gashi, mu muna ce masa gansakuka don sauƙi, amma ba tsiro ba ne, ƙananan halittu ne masu launin shuɗi da kore da suke sarƙewa da juna. Silas ne ya samo wannan irin, shi yake kiwonta a kwalabe shekara da shekaru. Tana haɗa wani dafi a jikinta don kada kifi ya cinye ta. Dafin nan kamar jigida yake, 'yan duwatsu ne a jere a zare ɗaya, mu muna kiransa feftayid. A cikin kwanon gwaji yana hana ƙwayoyin ciwon daji hayayyafa, sai dai ba ya bambanta mai ciwo da mai lafiya, duka yake kashewa. Aikina shi ne in haɗa irin wannan jigidar da hannuna a cikin kwalba, in sauya dutse ɗaya ko biyu, ko Allah zai sa ƙarfin ya tsaya, mugun cizon ya ragu. Na yi da yawa sun tashi a banza. Ta ƙarshen da na haɗa ina ce mata Auta, kuma a kanta zuciyata ta kwanta.

Amma matar da ke yi mana gwajin a kan ƙwayoyin ciwon daji ba za ta karɓi Auta ita kaɗai ba. Sai an kai mata kwaikwayo da na asali tare, ta gwada su gefe da gefe, in ba haka ba babu wanda zai yarda da sakamakon. Matar kuma ƙarshen watan Mayu za ta bar ƙasar, bayan ita babu mai irin kayan aikinta. Na asalin da muka tace muka ajiye ya lalace a hanya, motar kaya ta mutu kusa da Lokoja, firij ya kwana ya wuni a rana har abin ya zama kamar kunun da aka manta. Duwatsun da Silas ya samo gansakukar a kansu kuwa an zuba musu yashi ana gini a kai. Abin da ya rage, iya saninmu, kwalabansa ne da ke jere a bakin taga. Kuma ba a samun dafin sai an shanya ta an niƙe.

Rosemary ta ce, "To ki roƙe shi mana." Na ce ta ja gashin a hankali ta bar abin da bai shafe ta ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Gansakukarsa tana son haske. Sinadaraina ba sa so. Na ɗaura zane a taga, na fita shan ruwa, na dawo na tarar ya kwance shi ya ninke ya ajiye a kujerata, ninki mai kyau irin na mai son a ji haushi. Na sake ɗaurawa. Ya sake kwancewa.

Ga kuma famfon iskarsa da ke ɓulɓul a cikin ruwan gishiri wuni guda. Aikina ba ya shiri da laima ko kaɗan, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata haɗin mako. Ma'aunina har ya fara tsatsa a gefe. Zaman doya da manja kawai muke yi.

Juma'a, 10 ga Afrilu, safe

Ya ja layi da alli a ƙasa, daga ƙofa zuwa bango. Taga ta faɗa gefensa. Mutum da digirinsa uku.

Litinin, 13 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ya yi mini magana, kwalabansa yake yi wa, da ƙarfi yadda zan ji. Yau yana girgiza ɗaya yana cewa, "Yi haƙuri, 'yata. Wasu ba su san wahalar reno ba, su dai a yanka a ba su." Ni ma na juya wajen ma'aunina na ce masa, "Kai ma haƙuri za ka yi, haka tsatsa take, a hankali take cin abu, tana yi tana nuna ita ce aka zalunta." Mun yi wannan habaicin har aka tashi. Da wani ya leƙo da ya ce mahaukata biyu aka kulle.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Madam yake ce mini yanzu in ta kama dole. Ni ma Dokta nake ce masa. Kowa ya iya.

Laraba, 15 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na cire kunya na tambaye shi rabi. Rabin kwalaben kawai, in tace abin da zan kai gwaji.

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Madam, tun da muka zo ba ta ƙaru ba. Kina gani da idonki. In na taɓa rabi yanzu, sauran ba zai survive ba. Ki jira ta murmure."

Na ce, "Mayu ba za ta jira ni ba."

Ya ce, "Ke da kika iya kwaikwayon komai, ki kwaikwayi na asalin mana."

Na san inda ya dosa da wannan maganar, kuma ba maganar aiki ba ce. Na fita na tsaya a bayan ginin ina kallon masu haƙa ramin kwalbati. Gaskiyar masu magana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Asabar, 18 ga Afrilu, jajibirin Ista, ƙarfe uku na rana

Garin nan in hutu ya zo sai ya zama kufai. Duk wanda aka kawo daga Legas ya gudu Legas. Shi ma ya tafi tun Alhamis da jarkokinsa, wai ɗebo ruwan teku. Mutum ya bar garin da ruwa ke cin gidaje, ya zo yana dakon ruwa a babbar bas kamar mai garuwa.

Joy tana Kafanchan wurin mamata. Da aka ba su hutu ta tambaya gidan wa za ta je, babu wanda ya iya ba ta amsa a cikinmu.

Na shiga ɗakin aiki don in duba Auta. Na tarar an ɗauke wuta, famfon iskarsa ya yi shiru, ɗakin kamar tanda. Gansakukar ta kwanta a gindin kwalabe. Na tsallake layin allinsa na girgiza su ɗaya bayan ɗaya, na jiƙa tsumma na naɗe su, na zauna ina yi ina hutawa har wuta ta dawo. Ba don shi na yi ba. Abin da ke cikin kwalaben nan nawa ne kamar yadda yake nasa. Ba don shi ba ne.

Lahadi, 19 ga Afrilu, bayan coci

Fasto ya yi wa'azi a kan gafara. Rosemary sai satar kallona take yi. Na ce mata in wuyanta ne ke ciwo akwai man zafi a gida.

Talata, 21 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ya dawo. Ko jarka bai sauke ba ya tsaya yana kallon kwalabe, ya ce, "Wa ya taɓa min kaya? Ba haka na jera su ba."

Na ci gaba da aikina.

Ya ce, "Kin rufe musu window, ko? Duba yadda suka yi."

Na ce, "Dokta, in kana neman wanda za ka ɗora wa, ka fita titi, akwai mutane da yawa."

Ban gaya masa maganar wutar ba. Ya ci gaba da zargina, ya fi mini sauƙi a kan ya gode mini. Amma gaskiya ne sun sauya. Da launinsu kamar ganyen kuka ne mai duhu, yanzu sun fara komawa kamar ruwan ƙwai.

Alhamis, 23 ga Afrilu, rana

Kwalba biyu sun yi fari fat. Ya zubar da su da kansa.

Litinin, 27 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na kai ƙara. Darakta ya ce mu same shi a gidansa na Maitama, don ofishinsa ma ba a gama ba. Gida ne sabo fil, ko ciyawa ba ta kama ba, mai lambu yana ta ban ruwa wa jar ƙasa. Aka kawo mana lemo, muka zauna nesa da juna kamar masu zaman makoki.

Na faɗi nawa. Silas ya faɗi nasa, ya ce in aka kashe gansakukar an kashe ta ke nan har abada, babu dutsen da za a koma. Na ce in aka bar ta ma mutuwa take yi, gara ta mutu da amfani. Ya dube ni, karo na farko tun zuwanmu ido cikin ido, ya ce, "Haka kike ganin komai."

Darakta ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan matter, ni ba zan shiga tsakanin miji da mata ba. Ku je ku yi settle." Na ce, "Oga, ba maganar aure na kawo ba, maganar aiki ce." Ya ce, "Duk ɗaya ne, Madam." Ya raka mu har bakin get yana tambayarmu ko mun ga yadda titin ya yi kyau.

Mota ɗaya ce ke komawa Garki. Na gwammace na taka zuwa babban titi na jira bas ɗin Nyanya a cikin rana.

Laraba, 29 ga Afrilu, safe

Kwalba ɗaya ta ƙara tafiya.

Juma'a, 1 ga Mayu, yamma

An yi ruwan sama mai ƙarfi. Hutu ne amma na je, don rufin ɗakin ban yarda da shi ba. Na tarar da shi a can. Ya rarraba 'yan zare-zaren gansakuka a ƙananan kwalabe, wannan da ruwan teku zalla, wannan da gishirin da ya haɗa, wannan a inuwa, wannan a haske. Yana ta gwadawa kamar uwar da ke zagaya masu magani. Ya rame. Rigar da ke jikinsa ni na saya masa ita, wuyan ya yi datti, babu mai wanke masa. Ba ruwana.

Ko habaicin ma ya daina, kuma shirun ya fi habaicin ban haushi.

Talata, 5 ga Mayu, rana

Ƙananan duk sun mutu sai ɗaya. Manya saura uku. Na daina tambaya. Na gaji da roƙon mutumin da yake jin daɗin a roƙe shi.

Alhamis, 7 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na shigo da safe na ji ɗakin shiru, babu ɓulɓul. Ya kashe famfon iska. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan bokiti yana juye kwalba ta ƙarshe. Duka ukun. Gansakukar ta taru a ƙyallen, ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba.

Na ce, "Rabi na ce."

Ya ce, "Rabi ba zai ishe ki ba. Kin sani, na sani."

Na ce, "Ban sa ka ba."

Ya ce, "Ban ce kin sa ni ba. In na ƙara sati ɗaya babu abin da zai rage, ko naki ko nawa." Ya matse ƙyallen a hankali, ya tsallako layi ya ajiye a kan teburina, ya koma gefensa ya zauna ya juya mini baya. Kafaɗunsa na gani. Na yi kamar ban gani ba.

Na tsani yadda ya yi shi. Da ya jefo mini ita da zagi da na san abin da zan yi. Sai da ya bari ta kusa ƙarewa, sannan ya miƙo ta kamar mai ba da hadaya, don a ce shi ne mai zuciya. Ko a nan sai da ya san yadda ya bar ni da nauyi.

Litinin, 11 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Gansakukar ta bushe, mun niƙe, mun jiƙa a sinadari muna tacewa. Aikin mutum biyu ne, babu yadda zan yi. Abin haushi, hannuwanmu ba su san an yi faɗa ba. Kafin in nemi mazurari ya miƙo. Kafin ya ce a rage wuta na rage. Sau ɗaya ya yi suɓutar baki ya ce, "Maman Joy, riƙe nan," sai ya yi tari ya gyara ya ce Madam. Na riƙe.

Rosemary ta ce fuskata ta saki kwana biyun nan. Na ce zafi ne ya ragu.

Laraba, 13 ga Mayu, safe

'Yar ƙaramar kwalbar da ya rage ta yi fari. Shi ke nan, babu sauran mai rai. Ya riƙe ta a haske ya daɗe, sannan ya wanke ta ya kife.

Juma'a, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Kafin a aika wa mai gwaji, sai mun tabbatar dafin yana cikin abin da muka tace. Hanyar mai sauƙi ce. Ɗan gilashi ne mai farar hoda a fuska, a ɗiga nasa a hagu, a ɗiga Auta a dama, a tsayar a cikin sinadari ya hau, a fesa magani a gasa. Inda jigidar take, tabo zai fito. Mun yi wannan a Legas ba adadi, na san inda tabon nasa yake tsayawa kamar yadda na san ƙofar gidanmu.

Na gasa. Tabon Auta ya fito sarai a dama. A hagu akwai kore, akwai rawaya, dattin launi kawai. Inda dafin ya kamata ya tsaya babu komai.

Na ce na yi kuskure. Na sake. Na ƙafe abin ya yi kauri na sake. Shi ma ya karɓa ya yi da hannunsa. Muka ƙarar da gilasan da ke cikin kwali, duk amsa ɗaya suke bayarwa. Gansakukar ta daina yin dafin. Tun yaushe, babu wanda ya sani. Ko ruwan ne, ko zafin, ko wutar da ake ɗaukewa, ko zanen taga da zai so ya ce shi ne. Duk rigimar da muka sha, a kan fanko muka yi ta.

Ya zauna a kan jarka ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce, "Me za ta yi da dafi a nan? Babu kifin da zai cinye ta."

Na ce, "Da ka ba ni tun tsakiyar Afrilu."

Ya ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma tun a mota ta daina." Sai ya nuna gilashin da haɓa. "To, ki yi murna. Yanzu naki ne na asali. Babu wanda zai iya ƙaryata ki."

Na ɗauki gilashin na so in jefe shi da shi. Na ajiye. Ya san sarai abin da ya faɗa, wanda ba a iya ƙaryatawa ba a iya gaskata shi.

Litinin, 18 ga Mayu, rana

Na je inda ake buga waya na kira mai gwajin. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta tausaya, amma ba za ta gwada kwaikwayo ba tare da na asali ba, sakamakon ba zai tsaya a gaban kowa ba. Na ce na sani. Ai ni ma da ni ce haka zan faɗa.

Auta tana cikin firij, farar hoda a gindin kwalba. Mai yiwuwa ita ce abin da na nema duk shekarun nan. Mai yiwuwa alli ce.

Laraba, 20 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Darakta ya leƙo ya ce Dokta ya nemi a mai da shi ƙaramin ofishin da aka bari a Legas, wai zai bi gaɓar teku ko zai dace da irinta a wani wuri. Ya ce, "Kin ga yanzu room ya zama naki ke kaɗai, congrats." Na dube shi har ya janye kansa.

Shi kuwa yana can gefensa yana cusa kwalabe a kwali da tsohuwar jarida. Ya ce gobe zai bi ta Kafanchan ya ga Joy, ko ina da saƙo. Na ce babu. Ya ce to.

Alhamis, 21 ga Mayu, yamma

Ya tafi.

Rosemary ta ce in yi kuka in huta. Ba kuka nake ji ba, faɗa nake nema, kuma babu abin kamawa. Na shirya masa maganganu tun Disamba, suna nan cike da bakina. Amma mutumin ya kashe abin da ya fi so a duniya da hannunsa saboda aikina, ni ban samu komai ba, shi bai rage da komai ba, ya kuma bar ni ba ni da bakin zaginsa. Na Legas wataƙila wata rana in yafe. Wannan kam ban ga ranar ba.